Wadda Ta Riƙe Igiya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Shugaban taro kuma baffana, Alhaji Maharazu, wakilin hakimi, mai garin Rijiyar Dabo, liman da na'ibansa, 'yan uwa da suka taso daga Daura, da Sandamu, da Babban Mutum, iyayenmu mata da aka shimfiɗa wa tabarma can baya, inda lasifika ba ta kaiwa sosai, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina gode wa kwamitin bikin cikar garin nan shekara ɗari, da ya ɗora mini rubuta tarihin kakanmu Malam Dabo. Baffa ya ce tunda an ɓata shekaru ana tura ni karatun tarihi, yau ranar amfanina ta zo. Ya ba ni shafi goma da umarni ɗaya: in gyara Hausar, kada in taɓa labarin. Hausar na gyara. Labarin kuma na taɓa, shi ya sa na roƙi minti goma.

Magana uku gare ni.

Ta farko, yadda Malam ya zo. A shafukan da aka ba ni, ya iso kan farin doki da ɗalibai arba'in. Na zagaya tsofaffi bakwai. Mafi ƙarancin shekaru a cikinsu ya ce doki, na tsakiya suka ce alfadari, Gwaggo Shatu, wadda ta haura casa'in kuma ta ga Malam da idonta, ta ce jaki ne, kuma aro. Dabbar nan tana ƙara tsawo duk shekara goma.

Abin da bakin tsofaffin ya haɗu a kai ya fi doki daraja. Malam ya bar garinsu ne domin an nemi ya yi shaidar zur a kan iyakar gona, ya ƙi. Ya fito da fartanya, da littattafansa, da irin gero a ƙwarya, da matarsa, da 'ya'ya biyu. Nan inda kuke zaune babu komai sai ƙaya da tsamiyar can. Ruwa sai an yi tafiyar wuni. Ya haƙa rijiya gaba goma sha takwas a rani biyu, ya karantar, ya yi noma, ya haifi 'ya'ya tara, ya rasu ya bar gari. Wannan ya isa a yi alfahari da shi, ko da a ƙafa ya zo.

Ta biyu, tambayar da ta hana ni sakat. Shekara uku da suka wuce na yi wata shida a jihar Utah ta Amurka. Matar da na sauka gidanta 'yar ɗariƙar Mormon ce, wasu mutane da aka tsangwame su saboda aƙidarsu, suka ratsa daji da duwatsu, wasu na tura kayansu a amalanke, har suka kafa gari kusa da wani tafkin gishiri. Ta ɗauko mini littafin kakan kakanta. Akwai ranar da ya tashi, akwai ranar da sansa ya mutu a hanya, akwai sunan matarsa da na jaririyar da suka binne a gefen kogi. Na ba ta labarin Malam Dabo, ina ƙara masa gishiri kamar kowa. Sai ta ce, "Matar tasa fa, ya sunanta?"

Ni mai digiri uku a tarihi na buɗe baki na ce, "Iya."

Jama'a, mai haƙa rijiya ba ya haƙa shi kaɗai. Yana ƙasa, wani yana sama yana jawo ƙasar da ya tara, yana riƙe da igiyar da zai fito da ita. Rani biyu matar nan tana bakin ramin. A rani na biyu ɗansu Sadiq ya rasu, aka binne shi gindin tsamiya. Malam ya karaya, ya ce su ɗaure kaya su koma. Gwaggo Shatu ta ji amsar daga bakin mai ita: "Malam, na binne ɗa a nan. Ka koma cikin ramin, ina riƙe." Kwana goma sha ɗaya bayan haka ruwa ya fito.

Da ta amsa masa da to, yau da babu Rijiyar Dabo, da babu kwamiti, da babu shinkafar da nake jin ƙanshinta. Amma a littafin da za a kai maɗaba'a ranar Litinin, da allon da aka lulluɓe da ƙyalle a bayana, abin da ta samu kalma biyu ne: "da iyalinsa."

Na tambayi Baffa, ya ce sunan ya ɓace. Ba na zargin kowa. Mijinta bai kira sunanta ba, 'ya'yanta ba su kira ba, surukanta ba su isa ba. Kunya ce, kuma kunya tarbiyya ce. Girmamawa muka yi mata har muka manta da ita.

Na koma wurin Gwaggo Shatu na ce ta faɗa mini. Ta ce, "Ke, ni zan kama sunan kakata? Bakina bai lalace ba tukuna."

Na ce, "Gwaggo, don tarihi ne."

Ta ce, "Tarihin ya ci gidansu. Ke me ake ce miki a gida?"

Na ce, "Iya."

"Sunan wa aka mayar miki?"

"Na kakata, Iya Ƙarama."

Ta ce, "To, 'yar boko, wa ya sa ta zama ƙarama?"

Duk mun san an yi wa Iya Ƙarama takwara da ni. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ita wa aka yi wa takwara da ita. Na bi gidajen zuriyar nan ɗaya bayan ɗaya, na sami mata goma sha ɗaya da ake sakaya sunansu da Iya, ko Mama, ko Ummi, duk sunan yankansu ɗaya. Mai gabatarwa ya kira ni da shi ɗazu, kuka tafa, babu wanda ya lura. Sunanta Haulatu.

Ta uku, roƙona. Baffa ya ce, "Ba a rubuta sunan uwa a bango, kowane yaro ya zo yana karantawa da ƙarfi." Baffa, na ji, kuma na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Amma al'adar da ta ɓoye sunan ita ce ta adana shi, kuma tana mutuwa a hannunmu. Shekara goma sha huɗu ke nan ba a raɗa wa yarinya Haulatu a zuriyar nan ba. Yanzu Khairunnisa muke so, da Fadila, sunaye masu kyau, 'yata ma tana ciki. Mu goma sha ɗayan nan ne littafin, mafi yarinta a cikinmu ta shiga babbar sakandare. In muka tafi, babu Gwaggon da za a tambaya.

Saboda haka ina roƙon a ƙara shafi ɗaya a littafi, da layi ɗaya a allo. Shafin na rubuta, ga shi. Sha'aban mai sassaƙa ya auna, ya ce akwai wuri a ƙasan sunan Malam, ya kuma zo da kayan aikinsa, domin na ce ya zo da su. Idan kwamiti ya ƙi, ikonsa ne, sai dai a cire sunana daga bangon littafin. Ba zai yiwu Haulatun da ta riƙe alƙalami ta shiga, wadda ta riƙe igiya ta tsaya a waje ba.

Takwarorina da ke kan tabarma, ku miƙe a gan ku. Ba sai kun ce komai ba. Baffa, waiwaya ka duba. Ta biyun daga dama 'yarka ce, da bakinka ka raɗa mata.

Allah ya jiƙan Malam Dabo, ya jiƙan Haulatu da ɗanta da ke gindin tsamiya. Allah ya ƙara wa Gwaggo Shatu lafiya da kaifin harshe. Allah ya sa rijiyar nan kada ta ƙafe, zumuncin nan kada ya yanke, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ƙyallen yana hannunka, Baffa. Na gode.