Katin Makarantar da Na Manta a Katuru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza, ɗaliba a Ƙauran Namoda. Na je sayen kwamfutar laftof a wani shago da ke yi wa ɗalibai rangwame, aka ce sai da katin makaranta, kuma Juma'a za a rufe rangwamen. Katina yana gida Katuru, ga hanya ba lafiya. Baba ya ce, "Ni zan kawo miki." Na roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Tun hantsi wayarsa ta daina shiga, ko ruwa na kasa sha. Sai bayan La'asar ya iso. Da muka kai katin, mai shago ya ce, "Baba, ai hoton katin ma ya isa." Ɗalibai, don Allah ku riƙa tambaya kafin ku sa iyaye a hanya.