Ku Maido Mini da Makullin Aji Ɗaya

Mai girma shugaban taro, mai girma darakta, 'yan'uwana malamai, iyayen yara, da yayana da ya kame a sahun gaba har da sabuwar hula, assalamu alaikum.

Na gode da wannan walimar ban kwana. Na gode da ƙarin girman da ya ɗauke ni daga aji ɗaya, na gode da ofis, na gode da kujera mai juyawa. Sai dai ku yi haƙuri, kun yi hayar rumfa a banza, domin ba inda za ni.

Na farko, na gwada. Mako uku na yi a ofis ina buga hatimi a kan sunayen yaran da ban san fuskarsu ba. Da ƙarfe takwas ta yi, sai in ji hannuna yana laluben alli a jaka. Ran nan darakta ya zo sa hannu, ban san lokacin da na kama yatsunsa ba, na ce, "Ba haka ake riƙe biro ba." Ranka ya daɗe, ka yafe mini, amma har yanzu ba haka ake riƙewa ba.

Na biyu, na sha faɗa. Yayana ya ce, "Shekara ashirin da biyu kina share majina, Allah ya ɗaga ki, ki ce a'a? Me za mu gaya wa mutane?" Yaya, ga mutanen a zaune, ni zan gaya musu da bakina. Na saurare ka, na saurari maigidana, na saurari kowa. Zuciyata kaɗai na hana magana, ita kuwa ta ƙi yin shiru. Ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali, ya ɗago kai ya dube ni, nan girmana yake, kuma ba na jin kunyarsa.

Na uku, idan ladan wanda ya iya koyarwa shi ne a fitar da shi daga aji, wa aka bar wa yaran? Takardar ajiye muƙami tana kan teburinka, ranka ya daɗe. In dokar aiki ta ce sai an rage mini matsayi, a rage. Amma ranar Litinin yara arba'in da shida za su tsaya a ƙofar aji ɗaya, kuma makullin nake so a hannuna kafin a tashi daga taron nan.

Allah ya raya mana yaranmu, ya sanyaya zukatan waɗanda na ɓata wa rai yau, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.