Loma Biyu da Baba Ya Ci

FUMINO: Alo? Alo? Nan ne ɗakin gwajin abinci na jami'a? Natsue nake nema, don Allah.

NATSUE: Ni ce. Wa ke magana? A ɗaga murya, injin nan ya cika ƙara.

FUMINO: Au, har muryar yayarki kin manta?

NATSUE: Yaya Fumino! Tsaya in kashe abin nan. Yawwa. Ina kwana, Yaya?

FUMINO: Lafiya lau. Kin tashi lafiya?

NATSUE: Lafiya ƙalau. Ya sanyi? Ya mutanen tsibiri?

FUMINO: Sanyi kam ya shigo. Ya naku a Fukuoka?

NATSUE: Mu a cikin gini muke wuni, ba ma sanin abin da gari yake ciki. Ya maigidanki? Yana fita teku a iskar nan?

FUMINO: Genzo? Kwana uku bai fita ba. Yana gida yana ɗinkin koma yana mita.

NATSUE: Mita ai sana'arsa ce ta biyu. Ya gwiwar taki?

FUMINO: Da sauƙi. Ya aiki? Ya ɗalibai?

NATSUE: Suna nan suna cinye min rai. Jiya wata ta bar firji a buɗe, aikin sati guda ya narke.

FUMINO: Ayya. Kina dai cin abinci ko?

NATSUE: Yaya, a ɗakin abinci fa nake aiki.

FUMINO: Shi ya sa na tambaya. Zuwanki na ƙarshe wuyanki kamar tsinken cin shinkafa.

NATSUE: Kai, Yaya! Ya Baba? Ya jikin nasa?

FUMINO: Baba... yana nan. Ya Farfesan naku, mai farin gashin nan?

NATSUE: Farfesa Kuramoto? Yau bakinsa har kunne. Ai kamar kin san ina shirin kiranki. Zauna ki ji labari.

FUMINO: A tsaye nake. Faɗi.

NATSUE: Kwamiti ya amince! Jiya da yamma suka sa hannu. Ranar Litinin za mu fara ba marasa lafiya goma sha biyu abincin namu a asibitin jami'a. Duk irin Baba ne, waɗanda ɓarin jiki ya shanye, haɗiya ta gagare su.

FUMINO: Jiya suka sa hannu?

NATSUE: Jiya. Shekara shida, Yaya! Shekara shida ina jiƙa kifi da karas a ruwan sinadari, ina daskarewa ina narkarwa. Ke kin san irin kunun da ake ɗura wa mutanen nan, ba kala ba ƙamshi, kamar an dama takarda. Namu kuwa in kika ga yankan kifin a faranti, da fatarsa da zanen gashin wuta a jikinsa, rantsuwa za ki yi yanzu aka sauke shi daga wuta. Amma da ya hau harshe sai ya narke, ba tauna ba komai. Har saiwar bado muka yi, da ramukanta ciki, cokali na taɓa ta ta baje.

FUMINO: Madalla. Sannu da ƙoƙari.

NATSUE: Madalla kawai? Ni na zaci ihu za ki yi. Saurara, hutun sabuwar shekara zan zo. Farfesa ya ce in likitan Baba ya yarda in taho da kwali ɗaya cikin ƙanƙara. Shekara uku mutumin nan bai sa komai a baki ba sai robar ciki. Ina so ni da hannuna in... Yaya? Kina ji na?

FUMINO: Ina ji.

NATSUE: Mene ne wannan a bayanki? Na ji kamar ana kiran suna a lasifika. A tashar jirgin ruwa kike?

FUMINO: A'a.

NATSUE: To a ina?

FUMINO: Natsue, Baba ya ƙware.

NATSUE: Ya me? Layin yana shhh.

FUMINO: Na ce ya ƙware.

NATSUE: Ya ƙware a me? A rubutu da hagu? Ai na gaya miki, tsohon malamin kimiyya ne, in ya sa kansa abu sai ya...

FUMINO: Ba wannan ƙwarewar ba. Abinci ya bi masa ta hanyar numfashi. A asibiti nake. Wayar bakin ƙofar ɗakinsu ce nake kiranki da ita.

NATSUE: Abinci? Wane abinci? Baba ai ba ya cin abinci.

FUMINO: Ya ci.

NATSUE: Robar ce ta dawo masa da shi? Kun kwantar da shi bayan ɗura? Na ce muku a bar shi a zaune minti talatin.

FUMINO: Ba robar ba ce. Da baki ya ci.

NATSUE: Wa ya ba shi?

FUMINO: Ban ji ki ba, layin yana...

NATSUE: Alo? Yaya, wa ya ba shi?

FUMINO: Ni.

NATSUE: Ke?

FUMINO: Ni na ba shi. Kankoro ne.

NATSUE: Kankoro! Kankoro fa kika ce? Dankali da shinkafa mai danƙo? Abin da mai haƙora talatin da biyu ma yake maƙale masa a wuya? Yaya, kanki ɗaya kuwa? Duk duniya ba abin da ya fi wannan haɗari ga mai irin ciwonsa. Na rubuta miki a takarda, na manna a jikin firji da jan alƙalami!

FUMINO: Tana nan a manne.

NATSUE: To me ya kai ki?

FUMINO: Kada ki yi min ihu, mutane na wucewa.

NATSUE: Yaushe abin ya faru?

FUMINO: Ran Lahadi.

NATSUE: Lahadi? Yau fa Alhamis!

FUMINO: Na sani.

NATSUE: Kwana huɗu ubana yana kwance a asibiti, ina nan ina shan shayi da 'yan kwamiti ina dariya, ba wanda ya ɗaga waya?

FUMINO: Shi ya hana.

NATSUE: Shi wa? Mutumin da ba ya iya magana?

FUMINO: Ai yana rubutu. Tun a motar asibiti ya nemi ɗan allonsa. Da ƙyar na karanta. Ya rubuta, kada a kira Natsue sai bayan Laraba. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin Laraba, irin yadda yake ja wa yara a aji.

NATSUE: Ya aka yi ya san da Laraba?

FUMINO: Wasiƙarki ta watan jiya. Kin ce ranar kwamiti zai zauna. Shi ya sa ni na zagaye ranar a kalanda. Kullum da safe sai ya nuna min da yatsa in soke kwana ɗaya.

NATSUE: Wayyo, Baba...

FUMINO: Na so in saɓa masa. Ran Litinin har na ɗaga kan wayar nan, na danna lamba uku, na ajiye.

NATSUE: Da kin kira ni. Kwamitin banza! Da sun ɗaga zaman.

FUMINO: Ke kika ce in aka ɗaga sai bazara.

NATSUE: To sai me? Yanzu me likita ya ce? Faɗa min daidai yadda ya faɗa, kada ki rage komai.

FUMINO: Sun zaro abin da ya maƙale tun ranar. Amma ya ce wani abu ya riga ya sauka cikin huhu, ya zama ciwo. Duka biyun. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Sun canza magani jiya, bai karɓa ba.

NATSUE: Nawa ne zafin jikin?

FUMINO: Talatin da tara da wani abu.

NATSUE: Iskar da suke ba shi fa? Ta hanci ce ko abin rufe fuska?

FUMINO: Na fuska. Natsue, ni ban san waɗannan abubuwan ba. Abin da na sani, da safen nan likita ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya ce in akwai wanda ya kamata ya zo, to ya zo.

NATSUE: Wanda ya kamata ya zo...

FUMINO: Kina nan?

NATSUE: Sati biyu ya rage. Sati biyu kacal, Yaya. Da kin jira ni.

FUMINO: Bara ma haka kika ce. Kin ce ya jira bazara. Bazara ta zo kika ce kifin yana wargajewa, ya jira kaka.

NATSUE: Ai ba wasa nake yi a nan ba! Don wa nake wannan wahalar?

FUMINO: Ban ce wasa kike ba. Amma wata goma sha huɗu rabonki da gida. Ni ce nake nan. Ni nake ɗura masa ruwan nan mai kama da farin fenti sau uku a rana, yana kallon silin. Kin san a ina muke cin abinci ni da Genzo? A rumfar da yake ajiye koma, a tsaye, da sanyin nan, don kada ƙamshi ya kai wa Baba. Shekara uku ban gasa kifi a cikin gidana ba.

NATSUE: Ba ki taɓa gaya min ba.

FUMINO: Ba ki taɓa tambaya ba. Kullum sai nawa ne nauyinsa, nawa ya sha, ya fitsari.

NATSUE: Haba, Yaya.

FUMINO: Ran Lahadin nan maƙwabciyarmu ta kawo kankoro na sabuwar shekara, sabon kirɓi. Na ga Baba yana barci, na yanka ɗaya na ɗora a kan murhun ɗumama ɗaki, ni kaɗai zan ci. Ina juyowa na ga idonsa biyu. Hanci yake buɗewa. Ya jawo allo ya rubuta, kaɗan.

NATSUE: Sai ki ce a'a.

FUMINO: Na ce a'a. Na ce Natsue ta hana, ta kusa zuwa da nata. Ya goge ya sake rubutawa, kaɗan. Sau huɗu. A na biyar bai rubuta komai ba, ya ajiye allon a cinya, ya buɗe min baki kawai. Mutumin da in ya shigo aji yara arba'in suke miƙewa tsaye, shi ne ya buɗe min baki kamar ɗan tsuntsu, yawu na zuba. Ke da kina wurin...

NATSUE: Da ban ba shi ba.

FUMINO: Na sani. Ke da ba ki ba shi ba. Ni na ba shi. Na gutsura kamar kan farce, na murje shi da yatsa. Ki tsane ni in kina so, ni ma kwana huɗun nan ban runtsa ba.

NATSUE: Daina kukan. Daina, don Allah, kina sa ni... Akwai ɗalibai a nan.

FUMINO: Kore su mana.

NATSUE: Sun fita da kansu. Yaya.

FUMINO: Na'am.

NATSUE: Loma nawa ya ci?

FUMINO: Biyu. Ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu ne.

NATSUE: Ta farkon... ya ji daɗinta?

FUMINO: Ya rufe ido. Ya daɗe da ita a baki, yana juya ta da harshe, har na zaci barci ya koma. Da ya haɗiye sai ga hawaye ta idon nan mai lafiya. Ya ɗauki allo.

NATSUE: Me ya rubuta?

FUMINO: Wai sukari ya yi yawa, na Mama ya fi.

NATSUE: Kai, Baba! Shekara uku bai ɗanɗana komai ba, amma sai da ya ba da maki.

FUMINO: Har dariya na yi. Ina cikin dariyar ya sake buɗe baki.

NATSUE: Ni ban taɓa tunanin kankoro ba, kin sani? Kifi, karas, kabewa, duk abin da ke gina jiki. Shekara uku ban taɓa tambayarsa me yake marmari ba.

FUMINO: Bar wannan yanzu. Ki taho. In kin kama jirgin ƙasa na sha biyu zuwa Nagasaki za ki samu jirgin ruwa na yamma. Genzo ya ce iska za ta ƙaru, wataƙila gobe ba za a tashi ba.

NATSUE: Sha biyu? Yanzu ƙarfe nawa? Sha ɗaya saura. Zan gaya wa Farfesa, wani ya karɓi aikin Litinin. Ba zan koma gida ɗaukar kaya ba, haka zan taho.

FUMINO: Ki taho da abincin.

NATSUE: Me?

FUMINO: Kifin naki. Ki taho da shi.

NATSUE: Yaya, ba zai iya ci ba. Ko ɗigon ruwa ba za su bari a ba shi yanzu ba.

FUMINO: Ya sani. Ɗazu da ya farka na ce masa Laraba ta wuce, zan kira ki. Ya nemi allo. Rabin harafin ma bai fita ba, sai da ma'aikaciyar jinya ta taya ni haɗawa.

NATSUE: Me ya ce?

FUMINO: Ta kawo in gani.

NATSUE: In gani...

FUMINO: Haka ya rubuta. Kin san shi, ba ya yarda da sakamakon gwaji sai ya... Kash, wayar tana ƙara, katin ya kusa ƙarewa.

NATSUE: Sa wani!

FUMINO: Babu, shi ke nan gare ni. Ki sa riga mai kauri, jirgin akwai sanyi. Hawa na uku, ɗaki na...

NATSUE: Tsaya, tsaya! Yaya, gaya min gaskiya. Zan same shi?

FUMINO: Likita dai ya ce in zazzaɓin ya...

NATSUE: In zazzaɓin ya me? Alo? Yaya Fumino! Ɗaki na nawa? Alo?