Ragon Sunan da Ba a Yanka Ba

A tashar motar Bunguɗu, shekarar zaɓe, wani dattijo a kan buzu ya dubi saurayin da ke riƙe da rago.

"Samari, kasuwa za ka kai shi?"

"A'a, Baba, na sunan ɗiyata ne. Limamin ƙauyenmu ya ƙi raɗa mata suna, wai an gan ni wurin laccar 'yan adawa. Gusau zan nemi malami."

"Subhanallahi! Jaririya mi ta sani? Ni ma limami ne, wannan zalunci ne."

"Alhamdulillahi! Ga rago, Baba, raɗa mata nan."

Dattijon ya dubi masu saurare, ya janye buzunsa.

"Yaro, hakimi guda ya naɗa mu, ni da limaminku. Ina da iyali."