Ranar da Na Binne Inabin Uwargida Hilary

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban unguwarmu, Mirzohid-ota. Limaminmu, wanda na ga yana harara ta tun kafin in buɗe baki. Malama Dilrabo, wadda za ta riƙe wannan ajin Turanci da muke buɗewa yau. Iyayenmu mata da suka bar tukunyar shinkafar palov a kan wuta suka zo. Manoman inabi na wannan kwari, da matasan da suka cika baya suna latsa waya, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da wannan dama, kuma na san ba buɗe aji kaɗai ya tara ku ba. Bara kun zaɓe ni, ni Ergash, kuka tura ni gwaji wata gonar inabi a kudancin Ingila, a bakin teku, bisa sharaɗin cewa idan mai gonar ta gamsu da aikina, bana za ta ɗauki mutum goma sha huɗu daga ƙauyen nan. Tun da na dawo ake raɗe-raɗin koro ni aka yi. Amsarta ta iso shekaranjiya, tana nan cikin aljihuna, kuma zan karanta muku ita. Amma sai kun yi haƙuri kun ji abu uku tukuna.

Abu na farko shi ne yadda kalma take shiga kan mai shekara hamsin da biyu. Na isa can ban san kome ba sai gaisuwa. Mai gonar, Uwargida Hilary, tsohuwa ce doguwa mai takalmin roba, mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Kowace safiya sai ta ɗaga abu a gabana ta faɗi sunansa, ni kuma in maimaita. Ta ɗaga almakashi, na maimaita. Ta ɗaga kwando, na maimaita. Ta tsinko nunanne, ta tsinko ruɓaɓɓe, ta nuna wayar da inabi ke hawa, ta nuna shebur, ta nuna ruwan sama, wanda a ƙasar nan ba ya bukatar a nuna shi, don kullum yana kan wuyan mutum. Duk kalmar da na kama sai in rubuta ta da baƙaƙenmu a bayan kwalin shayi. Su suna matse inabinsu su yi giya, mu muna shanya namu mu yi zabibi. Liman ya kwantar da hankalinsa, ban ɗanɗana ba. Amma inabi dai inabi ne, hannuna ya san shi, bakina ne kawai yake bin baya.

Akwai wani abokin aikina, Shavkat, mutumin Samarkand, mai kalma dubu a cikin waya. Kullum sai ya ɗauki kwalina ya yi ta dariya, ya ce, "Haba Ergash-aka, kai da Turanci ai sai jikokinka. Tsaya ga almakashinka, ni ne bakinka a ƙasar nan."

Abu na biyu shi ne abin kunyar da na yi, kuma gara ku ji shi daga bakina. An gama girbi, ganye ya zube, sanyi ya fara cizo. Na zuba ido in ga ranar da za a binne inabi, shiru. Ku da kanku kun sani, a nan duk wanda ya bar kurangar inabinsa a tsaye har dusar ƙanƙara ta sauka, to ba manomi ba ne. Kwance ta muke yi, mu kwantar da ita, mu rufe ta da ƙasa har bazara. Akwai wani layi a gefen tudu, kuranga tamanin 'yan ƙanana, su ne na ƙarshe da mijinta ya dasa da hannunsa. Na duba su, tausayi ya kama ni. Na ce a raina, matar nan ita kaɗai ce, aiki ya yi mata yawa. Ranar Lahadi, ranar hutuna, na ɗauki shebur na binne layin nan kaf, binnewa mai kyau irin ta mahaifina.

Litinin da safe ta hau tudu, ta ga wayoyi fayau, ba kuranga ko ɗaya. Jama'a, ban taɓa ganin fuska ta yi ja haka ba. Ta yi ta magana, hawaye na zuba, tana nuna ni, tana nuna ƙofar gona. Na waiga neman Shavkat, ashe mai kalma dubu ya tuna yana da aiki a can ƙarshen gona. Ya bar ni daga ni sai kwalin shayi, kuma a take na tuna da ku goma sha huɗu.

Na zaro kwalin, na tsinci abin da zan iya tsinta. Na ce, "Sanyi." Na ce, "Kashe." Na dafa ƙasa na ce, "Bargo." Na dafa ƙirjina na ce, "Ƙasata. Babana." Na nuna layin na ce, "Barci. Bazara, tashi." Iyakar dukiyata ke nan.

Ta dube ni. Can sai ta kama hannun rigata ta ja ni har ƙolin tudun, ta nuna wancan ruwa da ba shi da iyaka, wanda wata biyar ina ganinsa ban taɓa tambayar sunansa ba. Ta faɗi sunan, na maimaita. Sa'an nan ta ce, a hankali yadda zan gane, "Teku. Bargo." Ashe iskar teku ce take hana sanyinsu yin kisa, ƙasarsu kuwa jiƙaƙƙiya ce, abin da ka rufe a cikinta ruɓewa yake yi. Kwana biyu muka yi ni da ita muna tonowa da hannu. Tara sun karye, kuma kowace karaya na ji ta a zuciyata. Ta ƙarshe kuwa ta hana ni tonowa, ta ce a bar ta a gani. Har na hau jirgi ba ta ce mini ko zan dawo ba.

Abu na uku naki ne, Malama, kuma naku ne, matasa. Na san sunan almakashi, na san sunan kwando, na san sunan shebur, amma ban san yadda ake cewa "In yi?" ba, ban san yadda ake cewa "Don me?" ba. Ina roƙonki, kafin ki koya musu sunan kome, ki koya musu tambaya. Ku kuma ku riƙe kwalinku, domin ranar da ta ɓaci mai waya yakan yi nisa.

To, ga wasiƙar. Malama ta taya ni da kalmomi uku, sauran da kaina na karanta. Ta ce: "Ergash, wadda muka bari a binne ta ruɓe, ni ce da gaskiya. Saba'in ɗin sun yi toho. Tun da mijina ya rasu babu wanda ya damu ko inabinsa yana jin sanyi sai kai. Ka zo mini da mutum goma sha huɗu irinka. Shebur kuwa na kulle shi a ɗaki."

Allah ya albarkaci wannan aji, ya buɗe bakin masu tafiya, ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Allah ya tsare kurangunmu a ƙarƙashin ƙasa, ya tsare nata a bakin teku. Allah ya maida kowa gidansa cikin aminci, kafin palov ɗin iyayenmu ya kama.

Na gode.