Sifika Mai Arha

A rumfar mai gyaran waya, wani mai kwat ya nemi sifikar da ta fi kowacce arha.

"Yallaɓai, da girmanka?"

"Kamfanin waƙa nake shugabanta. Da irinta jama'a ke saurare, da ita nake tace waƙoƙin yara. Baiti ɗaya, in kashe."

"Kai ba ka taɓawa?"

"Da can ina rubutawa. Yanzu sai sa hannu."

Mai gyara ya jona ta, wata tsohuwar waƙa ta taso.

"Da wannan nake gwaji kullum. Wanda ya rubuta ta, ko yana raye oho."

Ya kai hannu zai kashe. Leɓɓan mai kwat kuwa har sun riga mawaƙin.

"Bar ta, ƙanena," ya ce. "Bar ta ta ƙare."