Mijina bai sa wa kowa guba ba

Mai girma shugaban taro, masu shirya fim da 'yan wasa, manyan baƙi na kujerun gaba, 'yan jarida, iyayena da ƙannena maza da mata, assalamu alaikum.

Na gode da kuka aika mota ta ɗauko ni, na gode da kuka tuna da mijina, mai gidan burodin bakin gada, wanda aka ce labarinsa ne wannan fim da muka gama kallo. An ba ni takarda in karanta in sa albarka. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane ƙarya idan na gan ta, shi ya sa na ninke takardar na ajiye.

Maganata ta farko. Wata goma sha ɗaya ana yaƙi a garinmu, mijina bai bar tanda ta mutu ba ko na yini guda. Shi ke kwaɓa fulawa, ni ke shafa wa gwangwanaye mai. Ya ɗora burodi a keke ya raba wa mutanen wannan gefen gada, ya haye ya raba wa na wancan gefen. Wata rana sojojinmu suka tsare shi suka ce, "Mai burodi, kai wai na wa ne?" Ya ce, "Na mai jin yunwa. Ku matsa mini kada ya huce." A kan gadar nan harsashi ya same shi, kuma har yau ban san daga wane gefe aka harbo shi ba.

Ta biyu. Kun ga an nuna shi yana barbaɗa guba a ƙullun burodi, yana kai wa wancan gefen, mutane suna zubewa, kiɗa yana tashi, ku kuma kuna tafi. Da aka nuna mini makon jiya na ce wa daraktan, "Ɗan nan, ina ka samo wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, fim ne fa. Wa zai zauna awa biyu yana kallon mutum yana gasa burodi? Ai jarumi muka mai da shi." Ya rasa abin kallo a mutumin da ya ciyar da gari cikin ruwan harsashi, sai da ya mai da shi makashi sannan ya ga jarumi.

Ta uku, ita ce ta hana ni sukuni. 'Yata tana aure a wancan gefen. Tun da tallar fim ɗin nan ta fita, surukarta ta daina cin girkinta. Matar nan ta binne 'ya'ya biyu a yaƙin, ban ga laifinta ba. Shekaranjiya 'yata ta kira ni tana kuka, ta ce, "Umma, don Allah ki faɗa mini gaskiya, Baba ya aikata?" Ɗiyarsa ta cikinsa ke nan take tambaya.

Ku na kujerun gaba, na san zaɓe ya matso, na san kuna so a tuna wa mutane su wa ya kamata su tsana. Ku nemi wata hanyar, kada ku bi ta kan kabarin mijina. Ku cire wurin gubar nan kafin a kai fim ɗin ƙetaren gada. Idan kun ƙi, ƙafata ƙalau take, duk gidan kallon da aka kai shi za ku tarar da ni a bakin ƙofa, ina faɗa wa masu shiga abin da na faɗa muku.

Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a gefe biyun. Allah ya zaunar mini da 'yata a ɗakinta. Allah kada ya sake nuna mana yaƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.